Makullin Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yaran gaba ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya sa albarka a nemanka, ya tsare ku daga abin ƙi a ƙasar mutane. Mu ma nan lafiya muke, gwargwadon yadda ake lafiya a gidanmu. An cire wa Umma ɗinkin goshi, wurin ya kame sarai, sai ɗan tabo da take rufewa da ɗankwali idan baƙi sun zo, ta kuma buɗe shi idan Baba ya shigo ɗaki. Targaɗen hannunta ma ya yi sauƙi. Gwiwar Gwaggo tana nan yadda ka bar ta, tana tashi duk ranar da za a yi aiki, tana kwanciya duk ranar da za a je unguwa. Auta ta samu aiki a wani ɗakin buga takardu, tana dawowa da tawada har gwiwar hannu, da ra'ayi a kan kowane abu. Rufin ɗakin baya da ka aiko a gyara an gyara, yanzu ta ɗaya gefen yake yoyo.

Na zaɓi takarda a kan waya da gangan. A waya kai kake magana, ni kuma in yi ta cewa to, sai an kashe in tuna abin da na so faɗa. Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi sau biyu. Ka ce kafin ƙarshen wata in karɓe makullin motar daga hannun Baba, in ajiye a wurina, tunda ni ce mai ilimi kuma ni ce a kusa. Na gode da yabon. Na dai lura cewa ranar da motar ta iso, kai ne a waya ana haska maka fuskar Baba yana share ƙwalla yana sa maka albarka. Wato bayarwa taka ce, karɓewa tawa. Ba ƙorafi nake ba, rabon aiki ne, kuma kowane gida da irin nasa. Amma tunda labarin haɗarin ta bakin Gwaggo ya iso maka, kuma a bakinta motar sai da ta wuntsila sau uku, bari in gaya maka yadda aka yi, sannan in gaya maka abin da na yi da umarninka.

Ranar Alhamis ce, suna dawowa daga asibiti inda ake auna wa Umma jini duk mako. A sabon titin nan mai faɗi ma'aikata sun tare hannu ɗaya da gangunan ƙarfe cike da yashi. Rana tsaka, babu ruwa, babu hazo, babu wanda ya gitta. Baba ya hango gangunan, ya taka birki, motar ta ja taya har ta je ta rungumi ta farko. Fitila ɗaya ta tafi, lagireto ya fashe, goshin Umma ya gaisa da gaban mota domin ba ta yarda da ɗaura bel ba, wai yana takura mata numfashi. Ita ce ta gaya mini allurar mita tana kan ɗari da goma, domin tun da suka hau titin idonta yake kanta tana salati. Baba bai musa ba. Abin da ya ce shi ne ya taka birki a daidai inda ya kamata, kuma motar da nauyinta bai kai na tayoyin tirelarsa ba, babu dalilin da zai hana ta tsayawa sai dai idan birkinta na banza ne. Har ya ƙara da cewa motocin yanzu gwangwani ne aka yi wa fenti. Wannan kason naka ne, na isar.

Na daɗe ina juya maganar, domin Baba ba mai ganganci ba ne. Shekara arba'in da ɗaya yana jan tirela ko kaza bai taɓa takewa ba, har abokan aikinsa suna ce masa Kunkuru. To yaya aka yi Kunkuru ya tsufa ya zama zomo? Amsar da na samu ita ce tirela ta koya masa rabin darasi, ta koya masa shi da kyau, ɗaya rabin kuma ba ta taɓa ba shi damar gani ba. Ya san nauyi kamar yunwar cikinsa. Ya san bambancin mota fanko da mai tan talatin a tafin ƙafarsa, ya san ƙaurin birki a gangara, ya san kaya biyu wahala biyu ce. Amma tirela mai kaya ba ta gudu ko ka roƙe ta. Duk rayuwarsa tsakanin ashirin da sittin ya yi ta, don haka a lissafinsa nauyi ne kawai ke kisa, gudu kuwa ɗan rakiya ne. Sai ka aiko masa da mota mai tan ɗaya, wadda ke amsa totur tun kafin a gama taɓa shi. A wurinsa abin wasan yara aka ba shi.

Abin haushin shi ne wannan darasin nake koyarwa duk shekara a ajin fiziks, har na gaji da jin muryata a kansa. Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da wani ƙarfi da muke kira kuzarin motsi, kuma ba zai tsaya ba sai wani abu ya shanye wannan kuzarin, ko birki, ko ganga, ko goshin mutum. Lissafinsa gajere ne: rabin nauyin abu, sau gudunsa, sau gudunsa kuma. Nauyi sau ɗaya yake shiga, gudu sau biyu. Idan ka ninka kaya, kuzarin ya ninka biyu, kuma a nan Baba malami ne. Idan ka ninka gudu, kuzarin ya ninka huɗu, idan ka ninka shi uku ya zama tara. Na ɗauki takarda da biro na je na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, na rubuta masa duk wannan da manyan baƙaƙe. Ya saurara da ladabi irin wanda ake yi wa mai tallar magani a tasha. Da na gama ya ce Allah ya yi albarka, kuɗin makaranta bai tafi a banza ba, amma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma shi bai taɓa ganin biro ya tsayar da mota ba. Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya tokare ƙafar teburin da ke rawa. Har yau tana nan, kuma teburin ya daina rawa.

A makon ne Kawu ya tara mu a falo, bayan an aiki Baba sayen maganin da muke da shi a gida. Kawu ya ce a sayar da motar. Gwaggo ta ce a ɓoye makullin a ce ya ɓata, kamar ba mutumin da ke tayar da tirela da guntun waya ake magana a kai ba. Auta ta ce a ba ta motar kowa ya huta. Umma ba ta ce a karɓa ba, ba ta ce a bari ba, ta dai ce ita ƙafarta ba za ta ƙara taka cikin motar ba, asibiti kuwa za ta je a motar haya kamar sauran bayin Allah. Ni kuwa hankalina yana wani wuri. Ina tuna shekara biyun da Baba ya yi bayan ya ajiye aiki, kafin motar ta zo. Kai ba ka gan shi ba, a waya kuwa murya ba ta rama. Yana zaune a ƙofar gida tun safe, yana bin kowace babbar mota da ido har ta ɓace, yana gaya wa wanda bai tambaye shi ba cewa direban can ya makara da canjin giya. Riga ta yi masa yawa. Da motar ta zo ya buga ƙusa a jikin ƙyauren ɗakinsa don makullin kaɗai, yana wanke ta kullum ko ba ta fita ba, ya koma mai kai wannan asibiti, mai ɗauko wancan daga tasha. Ban ce wannan hujja ce ta a bar shi ya kashe mana uwa ba. Cewa na yi abin da kake so in ciro daga jikin ƙusar nan ya fi ƙarfe nauyi.

Da motar ta dawo daga gyara sai na canza dabara. Na je na ce masa na sake tunani, mai yiwuwa gaskiyarsa ne birkin ne ba shi da kirki, kuma idan haka ne ya kamata mu samu shaida mu aika maka, ka san irin abin da ka saya. Nan take fuskarsa ta washe. Ban taɓa ganin mutum ya yi saurin yarda da gwajin kimiyya haka ba. Akwai wani titi a bayan makarantarmu da aka shimfiɗa wa kwalta don unguwar da ba a gina ba, miƙaƙƙe ne, ba mai bi sai awaki. Ranar Asabar da safe muka je, ni da shi da Maigidana, wanda na ɗauko don riƙe kwalaye da kuma shaida. Na ja layi da alli daga wannan gefe zuwa wancan. Sharaɗin shi ne Baba ya taho a kan talatin daidai, da tayar gaba ta taɓa layin ya take birki iya ƙarfinsa. Ya yi, motar ta tsaya cak. Ya fito ya auna da ƙafarsa, domin bai yarda da tef ɗina ba. Taku bakwai. Ya ce ba laifi, ko gwangwani yana da ranarsa.

Sai na ce yanzu a kan sittin, kuma shi da kansa ya nuna inda za ta tsaya idan birkin lafiya yake. Ya dube ni da tausayi, ya ce ko yaron mota ya san bakwai biyu sha huɗu ne. Ya taka sha huɗu, ya ƙara ɗaya wai kyauta ce ga makarantar boko, ya ce a jera kwalayen a nan. Maigidana ya jera kwalaye shida na fanko, ya koma can bayan wata bishiya, nesa fiye da yadda lissafi ya buƙata. Baba ya ja baya sosai, ya taho, ya take birki a kan layin daidai, domin ƙafarsa har yanzu ƙafar gwani ce. Motar ta ratsa kwalayen kamar ba ta gan su ba, ɗaya ya hau gilashi, ɗaya ya shige ƙarƙashi yana kuka, ta ci gaba da jan taya har na fara tunanin awakin. Da ta tsaya ya daɗe bai buɗe ƙofa ba. Sannan ya fito ya koma kan layin ya fara takawa yana ƙirgawa a fili. Daga sha biyar muryarsa ta ragu. Ashirin da tara ya samu. Lissafi ya ce ashirin da takwas, ban kuwa yi masa gardamar taku ɗaya ba.

Kada ka zaci a nan ya sallama. Cewa ya yi ga shaida ta fito, birkin yana kamawa a ƙaramin gudu yana saki a babba, kuma dama ya faɗa. Ya wuce da motar wurin bakanikensa, wannan mai gajeren yatsa da suka yi aiki tare tun zamanin tirela. Bakaniken ya kwance tayoyin huɗu, ya duba, ya rantse masa birkin ya fi na motarsa lafiya. Baba ya ce a canza duk da haka, aka canza har da man birki. Ni kuwa na koma aji na ci gaba da koya wa 'ya'yan wasu abin da na kasa koya wa ubana, na kuma fara shirya yadda zan je gaban ƙusar nan. Sai ranar Laraba maigadin makaranta ya tare ni a ƙofa, ya ce wai tsohon nan da muka zo da shi lafiyarsa ƙalau kuwa? Kwana uku ke nan yana zuwa da sassafe shi kaɗai, ya ja layi da gawayi, ya taho a guje ya taka birki, ya fito yana taku yana magana da kansa, ya koma ya sake. Maigadin ya ce jiya har sau biyar, kuma ya so ya kira hukuma sai ya ga furfura.

Ranar Juma'a bayan an tashi na same shi a ƙofar ɗakin malamai, yana zaune a kan bencin da iyaye ke jira idan 'ya'yansu sun yi laifi. Bai yi zancen birki ba. Ya ce ya gwada arba'in ya samu sha biyu da ɗan kai, ya gwada hamsin ya samu sha tara, yana so in gaya masa na ɗari da goma, domin titin ba zai isa ya gwada ba. Na yi lissafin a bayan littafin wani ɗalibi, na ce taku casa'in da huɗu, ban da tafiyar da motar za ta yi kafin ƙafa ta tashi daga totur ta isa birki. Ya ce mu je ya gani. Muka zagaya baya, muka tsaya a kan layinsa na gawayi, muka fara takawa. A sittin da wani abu ya tsaya ya huta, domin shekara sittin da tara ba wasa ba ce. Da muka cika ya juya ya dubi layin, daga nan da ƙyar ake ganinsa. Ya ce ranar haɗarin, lokacin da ya taka birki, gangunan ba su fi taku sittin daga gare shi ba, kuma a ransa ya ga fili har ya yi yawa.

Tunda na ga ƙofa a buɗe sai na ƙara masa ɗaya. Na ce motarsa mai tan ɗaya a kan ɗari da goma, kuzarin da take ɗauke da shi daidai yake da na tirelarsa mai tan talatin tana tafiya a kan ashirin. Ya sa na maimaita. Ya yi ta motsa baki, na san yana jin nauyin a ƙafarsa ne ba a kansa ba. Can ya ce shi tirela mai kaya a kan ashirin, ko ɗan akuya ya hango a taku ɗari ya fara rage giya. Ya ce ashe tirela ya ɗauko uwarmu a ciki bai sani ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban tsaya jira ba, domin na san gidan da na fito. A hanyar komawa ya tambaye ni ko ana biyana da kyau a makarantar, wanda a harshen Baba lambar yabo ce.

Washegari ya koma wurin bakaniken ya sa aka ɗaura wani ƙarfe mai noti a ƙarƙashin totur, yadda ko ya take shi har ƙasa ba zai nutse ba. A miƙaƙƙen titi yanzu motar ba ta wuce sittin. Bakaniken ya ce shekara talatin ana kawo masa mota a ƙara mata gudu, bai taɓa ganin wanda ya zo a rage ba. Baba ya ce masa kan ya gane amma ƙafar ba ta gane ba tukuna, kuma shi bai saba barin mota a hannun wanda bai gama koyo ba. Ga sauran jama'a kuwa cewa yake don tsimin mai ya yi. Na ji labari a majalisar tsofaffin direbobi yanzu shi ke ba da karatu, yana zana layi a ƙasa da sanda, yana tambayarsu bakwai biyu nawa ne, idan sun ce sha huɗu ya yi musu dariya. Wai wani abu ne da ya gano da kansa, har ya nuna wa 'yarsa mai digiri ta rubuta. Ban ƙaryata ba. Malamin da ke son a ambaci sunansa bai daɗe a aikin ba.

Ba zan ɓoye maka sauran ba. Ƙarfen ba ya aiki a gangara, sittin ma tana kisa, kuma shekaru ba baya suke komawa ba. Na karɓa masa ranar ganin likitan ido a wata mai zuwa, ya ce zai je, ya kuma ce da bakinsa idan likita ya ce idon ya gaza, ba sai an aiko kowa ba. Na yarda da shi, domin na ga yadda yake yi da shaida idan aka bar shi ya auna ta da ƙafarsa. Jiya Alhamis Umma ta fito da shirin asibiti, ta tsaya a ƙofar gida tana duban titi kamar mai jiran motar haya. Baba yana ta goge gilashi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta jawo bel ta ɗaura da kanta, ta ce masa idan ya ga dama su tafi.

Saboda haka, Yaya, ban karɓi makullin ba, kuma ba zan karɓa ba. Na san umarnin babba ne na tsallake, ina neman afuwa a kan wannan. Idan bayan ka karanta har yanzu kana ganin a karɓa, hakkinka ne, motar kai ka saya, uban kuma namu ne tare. Sai dai wannan aikin ba na aike ba ne. Ka zo da kanka, ka tsaya a gabansa, ka miƙa hannu.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata maganin gwiwar ya iso, Gwaggo tana godiya tana kuma neman ƙari. Ka shafa mini kan Babban Yaya da 'Yar Baba da ƙaramin da ban taɓa ɗauka ba. Umma tana gaishe ku, ta ce a turo hoton yaran wanda ba su sa tabarau ba. Kawu da Gwaggo da Auta da Maigidana duk suna gaisuwa. Baba bai san na rubuto ba, amma na san da ya sani zai ce a gaishe ka, a kuma gaya maka motar tana nan lafiya. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Malama